Kyautar Jirgin Yaƙi da Kuɗin Gyaransa

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, ku sani cinikin da ba a san iyakar tamaninsa ba ranar ƙulla shi, ƙarshensa husuma, ko tsakanin mutum biyu ne a rumfar kasuwa, ko tsakanin dauloli. Ga labarin wani jirgin ruwa na yaƙi da Rasha ta ba ƙasar Hindu, watau Indiya, domin mu ga yadda wannan hukunci na babin ciniki ya bayyana a fili.

Jirgin nan babba ne ƙwarai, nauyinsa wajen tan 45,000, irin wanda jiragen sama ke tashi daga bayansa. An sa shi aiki cikin shekarar 1987, zamanin Tarayyar Sobiyet, da sunan Baku, daga baya aka sake masa suna Admiral Gorshkov. Cikin 1994 gobara ta tashi a ɗakin tukwanen tururinsa, cikin 1996 kuwa aka jingine shi, gama Rasha ba ta da kuɗin riƙonsa. A wannan lokaci Indiya na da irinsa guda ɗaya mai sauran amfani, Viraat, wanda ta saya hannun Ingilishi, shi ma tsufa ya kama shi. Sai Rasha ta ce ta ba ta gangar jirgin kyauta, bisa sharaɗin a gyara shi a ma'aikatarta ta Sevmash, a garin Seberodbinsk can arewa, kuma a sayi jiragen saman da zai ɗauka daga gare ta. Aka sa hannu cikin Janairu 2004. Kuɗin gyara bai kai dala miliyan 1,000 ba, wa'adin miƙa shi kuwa shekarar 2008.

Da maƙera suka buɗe cikinsa sai suka iske ɓarnar ta wuce abin da aka ƙiyasta. Ƙarfe ya ci tsatsa, wayoyin wuta na fiye da kilomita 2,000 sai an sake su, ga kuma aikin kwashe makaman da ke goshinsa a gina tudun da jiragen sama za su riƙa tashi a kai. Cikin 2007 Rasha ta ce sai an ƙara mata wajen dala miliyan 1,200, wa'adi kuma sai an jinkirta. Aka shiga ja-in-ja shekara da shekaru, har abin da take nema ya kai wajen miliyan 2,900. Cikin 2010 aka daidaita a kan wajen miliyan 2,300, watau ninki biyu da ɗoriya. Da aka fita gwaji cikin teku a 2012, tubalin da aka jera cikin tukwanen tururi ya kāsa jure zafi, bakwai cikin takwas suka tsaya. Sai ran 16 ga Nuwamba 2013 aka miƙa shi, aka sa masa suna Vikramaditya, shekara biyar bayan wa'adin farko.

To, wa ke da laifi? Masu gyara suna da hujja. Sana'arsu ta asali ƙera jiragen da ke tafiya ƙarƙashin ruwa ce, wannan kuwa a Mikolayib aka ƙera shi, garin da ya koma cikin ƙasar Yukiren bayan rushewar Sobiyet, kuma tsadar ƙarfe da ladan ma'aikata sun hau cikin shekarun nan. Amma wanda ya yanka wa aiki farashi tun bai auna shi ba, ko dai ya yi ganganci, ko ya yi nufin ya ja mai saye ciki tukuna. Mai sayen shi ma bai kuɓuta ba. Babban mai binciken kuɗin gwamnatin Indiya ya rubuta cikin 2009 cewa tsohon jirgin nan zai ci kuɗi fiye da sabo. An yi cinikin biri a sama, an ƙulla kafin a duba.

Almajiri ya lura da mas'ala uku a nan. Ta fari, kyautar da aka ɗaura mata sharaɗin sakayya, malaman mazhabarmu sun ba ta hukuncin ciniki, saboda haka kalmar kyauta ba ta canza komai ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ta biyu, sharaɗin ciniki da na ijara ne a san kaya, a san aiki, a san lada, abin da aka jahilta kuwa shi ne garari da aka hana, domin toshe ƙofar irin wannan husuma. Ta uku, ƙarin farashi bayan an karɓi kafin alƙalami yakan zo wa mai saye sa'ad da ba shi da mafita. Indiya ta riga ta zuba kuɗi, ta yi odar jiragen sama na MiG-29K domin wannan jirgi, Viraat na ƙara lalacewa, babu kuma wata ƙasa mai irinsa na sayarwa. In ta janye ta yi hasara, in ta ci gaba ta biya. Yardar da aka samu a irin wannan hali, ku auna da kanku ko cikakkiya ce.

Kada wani ya ce mene ne ruwanmu da jirgin Hindu. Kuɗin makamai daga baitulmali yake fita, baitulmali kuwa gumin talakawa ne, kowace dala da aka ƙara an rage ta daga rijiya ko makaranta ko asibiti. Kuma irin wannan kyauta ta sha zuwa ƙasashenmu. Cikin 2011 Amurka ta ba Nijeriya wani tsohon jirgin tsaron gaɓar teku, aka sa masa suna Thunder, kuɗin gyaransa kuwa a kan mai karɓa. Karɓar tsohon kaya ba aibu ba ne ga wanda ba shi da halin sabo, muddin ya san abin da ya ɗauka.

Abin da muke kira gare shi shi ne wannan. Duk hukumar da za ta sayi tsohon makami, ta aika masananta su bincike shi ciki da waje kafin a sa hannu. A rubuta wanda zai ɗauki nauyin aibin da ya ɓoyu, a yanka iyakar ƙari, a sa tara a kan jinkiri. A biya kuɗi kashi kashi gwargwadon aikin da aka gani da ido. A kai lissafin gaban majalisa da masu bincike tun da fari, gama sirrin yaƙi daban ne da sirrin farashi. Sa'an nan kada a jira sai tsohon ya mutu kāna a nemi madadinsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Indiya ta ɗauki wannan darasi da tsada, ta dage da ƙera nata a Koci, cikin 2022 ta sa shi aiki da sunan Vikrant.

Ku kuma malamai, idan kun zo babin ciniki, ku kawo wa almajirai misalai irin wannan, domin su gane hukuncin da ya hau kan mai sayar da jaki a kasuwa shi ne ya hau kan daula mai sayar da jirgi. Allah ya sa mu gane. Haza wasalam.