Ta Karɓo Kwali, To Sai Me?



Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata ta zo gaishe ni, ta kammala digiri tana jiran tafiya bautar ƙasa. Muna cikin hira sai na miƙa mata biro na ce ta rubuta min takardar neman aiki in gani. Wallahi biro ya ƙi motsi. Yarinya ce mai ƙwazo, sakamakonta ya yi kyau, amma ba ta taɓa rubuta irinta ba, ba ta kuma taɓa tsayawa gaban wani ta faɗi abin da ta iya ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma a kwaleji, sai ranar da aka tura mu koyarwar gwaji na gane alli ma nauyi gare shi.

Uwargida, mu faɗa wa kanmu gaskiya, da hannunmu a ciki. "Ke dai ki yi karatunki," muke cewa, sai mu ɗauke mata komai, har cefane. Shekara huɗu a haka, ko fiye idan yajin aiki ya gitta, kamar na malaman jami'a a 2022 da ya ci wata takwas yara suna zaune a gida. Ke me taki ta koya a waɗancan watannin?

Kada ki ce ai za a koya mata a bautar ƙasa. Gaskiya ne tun 2012 hukumar NYSC ta shigo da koyar da sana'a, to amma zaman sansanin duka mako uku ne. Alawus ɗin da aka mayar naira 77,000 a 2025 kuwa, shekara na cika ya yanke. Mai NCE ma ba ta zuwa bautar ƙasa, balle ta sa rai.

Don haka hutu ya daina tafiya a barci da latsa waya. Ki damƙa mata kuɗin cefanen wata, ta kawo miki lissafi a rubuce. Ki haɗa ta da maƙwabciya mai ɗinki ko mai shagon kwamfuta, tare da yardar mahaifinta. Ta kuma karanta babin ciniki a fiƙihu, ta san riba ta halal da kuɗin ruwa tun kafin kuɗi su fara shiga hannunta. Samarin gidan ma ban cire su ba.

Ita ɗalibar tawa na ba ta ajin ƙananan yara na ranar Asabar. Ranar farko muryarta rawa take yi, yara suna ta dariya. Makon jiya kuwa daga ofis nake jiyo ta tana biya musu.