Kindirmonmu ya isa, amma ba shi ne maganin zawon yaro ba

Mai karatu, idan ka leƙa shagunan magani a Gummi ko Anka a 'yan shekarun nan, za ka ga ƙwayoyi da garin leda da ake kira furobayotik, ana cewa suna gyara ciki. Mutane da yawa kan tambaye mu, mu masu haɗa magunguna a asibiti, ko ya kamata su saya. Amsata ita ce mafi yawan gidajenmu ba su da bukatarsu, domin abin da ake sayarwa da tsada yana nan cikin ƙwaryar nono. Sai dai wannan amsa tana da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan sun shafi ran yaro.

Hanjin ɗan Adam cike yake da ƙananan halittun da ido ba ya gani, kuma yawancinsu masu amfani ne. Suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna kuma tare wa masu cutarwa wurin zama. A shekarar 2001 masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka tara sun bayyana furobayotik da cewa halittu ne masu rai waɗanda ke amfanar jiki idan an sha adadin da ya isa. Lura da kalmar "masu rai". Kwalbar da ta yi watanni a kan kanta cikin zafin Afirilu, lokacin da ma'auni ke haura 40, ga kuma rashin wutar lantarki, wa zai ba ka tabbacin abin da ke cikinta yana da sauran numfashi?

Kindirmo kuwa ana yin sa ne yau a sha gobe. Halittun da ke tsinka madara su mai da ita tsami dangin waɗanda ake zubawa a kwalba ne. Tsamin yana rage sukarin madara, shi ya sa wanda madara ke kumbura wa ciki sau da yawa yakan sha nono lafiya. Ƙullun koko da aka bari ya kwana shi ma ya yi tsami, daddawar kalwa kuma ruɓawa ce ta samar da ita. Gaskiya ne dafuwa tana kashe halittun da ke cikin koko da miyar daddawa, amma aikin da suka riga suka yi bai tafi a banza ba: tsamin yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana kuma sauƙaƙa wa jiki samun sinadarin ƙarfe daga gero da dawa.

Sharaɗi na farko shi ne tsafta. A tafasa madara kafin a tsinka ta, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da zazzaɓin burusela. A wanke ƙwarya da ludayi, a rufe daga ƙuda. Babban haɗarin fura da nono yana cikin ruwan da ake sirka shi da shi, da ƙanƙarar da ba a san asalinta ba. A damina, musamman bayan ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a 2024, rijiyoyi kan gurɓace, kuma nono mai kyau da aka dama da irin wannan ruwa yana iya kawo amai da gudawa.

Sharaɗi na biyu ya shafi yankinmu fiye da ko'ina. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da Yargalma, saboda ana niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, wani lokaci da injinan da ake niƙa hatsi. Turmi ko injin da ya taɓa dutsen ma'adini kada ya taɓa ƙullu ko fura. Kuma ka sani ciwon ciki da taurin bahaya da amai suna cikin alamun wannan guba. Yaron da ke zaune kusa da inda ake sarrafa zinari, idan yana fama da su, gwajin jini yake bukata. Nono ko furobayotik ba sa fitar da dalma daga jiki.

Sharaɗi na uku shi ne mafi nauyi. Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwa a jikinsa. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar ruwan gishiri da sukari tare da zinc: leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sai zinc kullum na kwana 10 zuwa 14. Wani babban nazari na Cochrane a 2020 ya nuna furobayotik ba ya kawo wani bambanci na a zo a gani a irin wannan zawo. Kuɗin da ke hannunka, uwa, fara kashe shi a kan ledar gishiri da sukari da zinc. Ki ci gaba da shayarwa da ba da abinci, har da kindirmo idan yaron ya haura wata shida. Kafin nan, nonon uwa kaɗai.

Shin furobayotik na kwalba ba shi da wani amfani ke nan? Yana da shi a wasu wurare, musamman wajen rage zawon da ke biyo bayan shan antibayotik, amma likita ne zai zaɓi nau'in da ya dace. Bai kamata a ba bakwaini ko mai raunin garkuwar jiki ba tare da izininsa ba. Hanya mafi arha ta kare halittun hanji kuwa ita ce daina shan Flagyl da sauran antibayotik duk sanda ciki ya murɗa, domin ba sa bambanta mai amfani da mai cutarwa.

Idan ka ga jini a bahaya, ko idon yaro ya zurma, ko ya kasa shan komai, ko fitsarinsa ya ɗauke, ko bahayan ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, kada ka tsaya dama fura. Daga Adabka kake ko daga Bagega, ka ɗauki ruwan gishiri da sukari a gora, ka riƙa ba shi a hanya har ku isa asibiti. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.