Kiɗan Jaz a Hannun Ƴan Sha'awa

A biranen Amurka da Faransa akwai malaman makaranta da likitoci da direbobi da ke haɗuwa dare ɗaya kowane mako, kowa da abin kiɗansa, su kaɗa tsofaffin waƙoƙin jaz waɗanda makaɗa suka haddace. Ba a biyansu ko sisi. Wasu gwanaye na raina su, wai maimaici kawai suke yi. Wannan raini kuskure ne, kuma ɗalibin kimiyyar harshe ya fi kowa sanin dalili.

A ɗauki "Les Feuilles mortes", wadda Joseph Kosma ya tsara a 1945, Amurkawa suka mayar da ita "Autumn Leaves". Mutum biyar da ba su taɓa ganin juna ba suna iya kaɗa ta nan take. A fara da karin waƙar, sannan kowa ya karɓi zagayensa, ya ƙirƙiro nasa salon bisa jerin sautukan da aka sani, a ƙarshe a koma kan karin. Jerin nan shi ne nahawu, ƙirƙirar kuwa ita ce zance. Mai ƙaho ya yi jimla, mai ganga ya amsa, wanda ya katse ɗan'uwansa ya yi rashin ladabi.

Faifai na adana kiɗa kamar yadda ƙamus ke adana kalmomi, amma ƙamus bai taɓa hana harshe mutuwa ba. Masu hira da harshe ne ke raya shi, har da masu tuntuɓen baki. Ranar da aka bar jaz ga gwanayen dandamali kaɗai, zai zama kamar Latinanci, a riƙa nazarinsa a aji ba mai gaisawa da shi.