SHARHI: Shinkafar Haɗeja a buhun wani: yadda rashin rajistar suna ke cin gumin manoman fadama

Duk wanda ya bi hanyar Auyo zuwa Haɗeja a lokacin girbin rani zai ga tulin shanshera a bakin titi, da manyan motoci suna lodi. Daga nan shinkafar kan nufi kasuwar Gujungu, ko injinan casa na Kano, ko kudancin ƙasar nan. Amma da wuya mai saye a Abuja ko Legas ya ga sunan Haɗeja a jikin buhun da ya ɗauka. Ƙasar da ta noma, da hannun da ya turara ya shanya, duk sukan ɓace a hanya, sai sunan wani ya isa kasuwa.

A watan Afrilun 2025, jami'an Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, wato FCCPC, sun kai samame kasuwar Utako da ke Abuja, suka rufe shaguna bisa zargin ana juye shinkafa 'yar gida cikin buhunan da ke ɗauke da sunayen shinkafar waje, ana sayarwa da tsada. An fi kallon lamarin a matsayin zamba ga mai saye, kuma haka ne. Sai dai akwai wanda aka fi cuta, wanda babu shi a wurin samamen, shi ne manomin da shinkafarsa ta yi kyan da har za ta iya wucewa a matsayin 'yar waje, amma ladan ingancin ya tafi ga sunan da bai san wahalar fadama ba. Matuƙar mai saye ya ci ya ji daɗi yana zaton ta waje ce, gobe ma ta waje zai nema.

Dukiyar da aka zuba, da wadda aka manta

An zuba kuɗi masu yawa a noman wannan yanki. Ruwan madatsar Tiga da ta Challawa ne ke ciyar da kogin Haɗeja, kuma a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo, bayan gyaran da aka yi da rancen Bankin Duniya. A Nuwamban shekarar kuma a Haɗeja aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa. Manoman Guri da Kiri Kasamma da Kafin Hausa suna fama da ambaliya da ciyawar kachala da tsuntsayen jan-baki, amma ba su fasa ba.

Duk wannan ƙoƙari a kan yawan amfani ya tsaya. Tun daga 2015, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa canjin dala na gwamnati, zuwa rufe iyakoki a Agustan 2019, abin da ya kare shinkafar gida shi ne katangar da gwamnati ta gina. An buɗe iyakokin a Disamban 2020, an janye takunkumin dalar a Oktoban 2023, sannan a Yulin 2024 aka sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150. Katangar da gwamnati ta gina da sanarwa, da sanarwa take rushe ta. Abin da kan rage wa mai sana'a bayan haka shi ne amincewar mai saye, kuma amincewa a jikin suna take rataye.

Takardar CAC ba garkuwa ba ce

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin matasan da suka kafa ƙananan injinan casa, ko suke ƙulla bandar kifi a leda suna tallatawa a Facebook da WhatsApp, shi ne zaton cewa rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta mallaka musu sunan da ke jikin kayansu. Takardar CAC shaida ce cewa kasuwancin yana nan a idon hukuma. Mallakar tambarin da ke jikin buhu kuwa wani ofishi ne daban ke bayar da ita, Ofishin Rajistar Tambarin Kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari a Abuja, bisa dokar da aka yi tun 1965.

Tsarin ba boyayye ba ne. Ana fara bincike don a tabbatar wani bai riga ya yi rajistar suna iri ɗaya ko mai kama da shi ba. Sai a shigar da buƙata a rukunin da kayan suka faɗa, cikin rukunai 45 da duniya ke aiki da su: shinkafar ci tana rukuni na 30, bandar kifi tana na 29. Idan ofishin ya amince, sai a buga tambarin a mujallarsa, a ba duk mai ƙorafi wata biyu. In babu ja, a ba da takardar shaida mai aiki na shekara 7, wadda ake sabuntawa duk bayan shekara 14. Wanda ya yi rajista ya ajiye tambarin shekara 5 bai yi aiki da shi ba, ana iya neman a soke masa.

Sashe na 3 na dokar ya fayyace cewa wanda bai yi rajista ba ba shi da ikon shigar da ƙarar keta tambari. Abin da ya rage masa shi ne ƙarar sojan gona, inda sai ya gamsar da kotu cewa sunansa ya yi fice, an yaudari masu saye, kuma ya yi asara. Hanya ce mai tsawo da cin kuɗi. A ɗauka wata ƙungiyar mata a Malam Madori ta shekara biyar tana gyara shinkafa marar tsakuwa har sunanta ya karɓu a Kano. Idan wani mai jari ya riga ta zuwa Abuja da sunan, ita ce za ta koma mai kare kanta a Babbar Kotun Tarayya, domin kotun ce sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki ya ba hurumin irin wannan shari'a.

Gyaran da aka yi wa dokar a 2023, ta cikin Dokar Sauƙaƙa Kasuwanci, ya faɗaɗa ma'anar tambari har ta haɗa da siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka. Wannan ya shafi masu shinkafa kai tsaye, domin mai jabu ba kasafai yake kwafar suna harafi da harafi ba. Launin buhu da fasalin zane yake ɗauka, ya san yawancin masu saye da ido suke gane kaya.

Waƙar talla ta wa ce?

Ɗaya ɓangaren shi ne haƙƙin mallakar fasaha. Sabuwar dokar da aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, wadda ta maye gurbin ta 1988, tana kare rubutu da zane da hoto da waƙa da bidiyo daga lokacin da aka samar da su, ba sai an yi rajista ba, kodayake ajiye bayani a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya yana sauƙaƙa kafa hujja. Dokar ta kuma ba mai haƙƙi damar rubuta wa kamfanin intanet ya sauke abin da aka sace masa.

Tarkon yana nan: a ƙa'ida, haƙƙi na wanda ya ƙirƙira ne, kuma ba ya komawa hannun wani sai da rubutacciyar yarjejeniya. Ɗan kasuwar da ya biya mawaƙi ya yi masa waƙar talla, ko ya biya mai ɗaukar hoto, ba tare da takarda ba, yana iya wayar gari ya ga bai mallaki abin da ya biya ba. Masana'antar Kannywood ta sha wannan darasi, daga masu satar faifai zuwa rigingimun wane ne mai waƙa tsakanin furodusa da mawaƙi. Takarda mai shafi ɗaya da sa hannun shaidu ta fi rantsuwa amfani ranar da zumunci ya ɓaci.

Sunan gari ba na mutum ɗaya ba ne

Akwai abin da rajistar mutum ɗaya ba za ta iya karewa ba, shi ne sunan Haɗeja kansa. Dokar 1965 ba ta sakin sunan wuri ga ɗan kasuwa guda cikin sauƙi, kuma daidai ne, domin kifin Haɗeja da shinkafarta gadon al'umma ne. Matsalar ita ce Najeriya ba ta da doka ta musamman da ke kare sunan asalin kaya, irin wadda ta sa ba kowace shinkafa ake kira Basmati ba. An daɗe ana maganar daftarin dokar, amma magana ba ta hana mai jabu aiki.

Ƙasar Hausa ta taɓa yin wannan asara. Fatar jar akuyar Sakkwato da majeman Kano suka jeme, ayari ya ƙetara Sahara da ita, ta isa Turai da sunan fatar Maroko, kuma sunan ya zauna har yau. Maƙwabtanmu na Nijar sun kusa maimaita ta, lokacin da wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi mallakar irin albasar Galmi a Hukumar OAPI, wadda ke kula da haƙƙin mallaka a ƙasashe 17 na Afirka. Manoma da gwamnati suka tashi tsaye. A 2023 aka miƙa wa Nijar takardun shaidar kare sunan albasar Galmi da kilishin Nijar, tare da tambarin haɗin gwiwa na cuku da fatar jar akuyar Maraɗi. Najeriya ba ta cikin OAPI, ba ta kuma cikin tsarin Madrid na rajistar ƙasa da ƙasa. Ma'ana, wanda ya yi rajista a Abuja, kariyarsa a Maigatari take ƙarewa. Idan kayansa za su shiga Damagaram, sai ya sake nema.

Duk da haka, ba sai an jira Majalisar Tarayya ba. Sashe na 43 na dokar da ke aiki ya tanadi tambarin shaidar inganci, wanda wata hukuma ko ƙungiya za ta riƙe, ta ba duk wanda kayansa suka cika sharaɗin asali da inganci izinin maƙala shi. Sharaɗin dokar shi ne mai riƙe tambarin kada ya zama mai cinikin kayan. Wannan aiki ne da gwamnatin Jigawa za ta iya ɗauka tare da ƙungiyoyin manoma da masunta na ƙananan hukumomi 8 na masarautar, musamman ganin Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ya san abin da fadama take nufi ga mutanenta.

Inda gizo ke saƙar

Tambari ba ya fitar da tsakuwa daga shinkafa. Idan aka maƙala sunan Haɗeja a kan buhun da awonsa bai cika ba, ko kifin da aka fesa wa maganin ƙwari don kada ya lalace, sunan ne zai mutu, kuma kowa zai shafa. Dole sai da ma'auni rubutacce, da masu dubawa da ba a saya, da ikon ƙwace izini daga wanda ya saɓa.

Haɗari na biyu na siyasa ne. Idan aka tsara sharuɗɗan a ofis tare da manyan masu injina kaɗai, za a iya sa kuɗin shiga da ƙa'idojin da za su fitar da matan da ke turara shinkafa a gida da masuntan da suka gina sunan tun asali. Sai a wayi gari an yi amfani da doka an ƙwace musu abin da mai jabu ma bai iya ƙwacewa gaba ɗaya ba. Saboda haka tambayoyin da ya kamata matasan yankin su riƙa yi wa 'yan majalisarsu na jiha da na tarayya a fili suke: wa zai riƙe tambarin, wa zai zauna a kwamitin da zai rubuta sharuɗɗa, nawa ƙaramin mai sana'a zai biya, kuma ina aka kwana kan dokar kare sunan asalin kaya?

Kafin a samu amsa, abin da ke hannun mai ƙaramin inji ko mai ƙulla banda shi ne ya binciki sunansa a ofishin rajista tun kafin ya buga buhu dubu, ya shigar da buƙatarsa ta hannun lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi, ya adana rasiɗai da hotunan da ke nuna ranar da ya fara amfani da sunan, ya kuma rubuta yarjejeniya da duk wanda ya yi masa zane ko waƙa.