An Binciki Takardu, An Manta da Ginshiƙai

A cinikin gida a Kano ko Kaduna ko Abuja, akwai waɗanda ba sa rasa kujera. Dillali yana nan yana jiran la'adarsa, lauya ya bi diddigin takardar mallaka har ma'aikatar filaye, shaidu kuma su sa hannu, a yi addu'a a watse. Wanda ba a gayyata shi ne kaɗai zai iya faɗin ko ginin zai kai shekara ashirin a tsaye, wato injiniyan da ya karanci ƙarfin tushe da ginshiƙai. Abin takaici, 'yan boko ma ba su tsira daga wannan sakaci ba. Likitan da ba zai sayi mota 'yar Kwatano ba sai bakanike ya shiga ƙarƙashinta, shi ne zai biya miliyoyi a kan bene don ya ga tayil yana ƙyalli.

Sabon fenti a tsohon gida abin tuhuma ne, domin filasta da fenti suna rufe tsaga na 'yan watanni, daidai lokacin da mai sayarwa yake buƙata. Tsaga kuwa iri-iri ce. Siririya kamar gashi a jikin filasta sau da yawa ba komai ba ce. Amma wadda ta tashi daga kusurwar taga ta karkata, tana bin layin bulo kamar matakala, alama ce ta tushe yana nutsewa, musamman idan faɗinta ya haura milimita 5. A Kano, inda aka cike kududdufai da shara aka yi gini a kansu, da sassan Gombe da Adamawa da Borno masu baƙar laka da take kumbura da damina ta tsuke da rani, irin wannan ba baƙon abu ba ne. Ga kuma benen da aka ɗora wa hawa na biyu a kan tushen da aka haƙa don hawa ɗaya. Birkila, komai ƙwarewarsa, ba ya ganin rodin da ke cikin kankare. Injiniya yana da na'urar gano adadin rodi da kaurinsa, da gudumar auna ƙarfin kankare, yana kuma iya lissafin nauyin da ginshiƙi zai ɗauka.

Dillalai sukan ce kiran injiniya yana kashe ciniki. Wani cinikin ai gara ya mutu. Amma sau da yawa akasin haka ne ke faruwa: mai saye ya ga tsaga ya tsorata zai janye, rahoton injiniya ya nuna gyaran bai taka kara ya karya ba, a rage kuɗin gyara daga farashi, ciniki ya faɗa. A Ingila bankin da zai ba da rancen gida yakan riƙe kuɗin har sai an kawo irin wannan rahoto idan mai ƙimanta gidan ya ga alamar nutsewa. A Sukotland tun 2008 doka ta ɗora wa mai sayarwa samar da rahoton yanayin gida kafin ya kai shi kasuwa.

Masu cewa wannan bidi'ar Turawa ce ba su waiwayi littattafan zaure ba. Muhtasar na Halil, a babin ciniki, ya bambanta tsagar bangon da ba a tsoron za ta rushe gida, wadda ake biyan diyyar tawayar da ta jawo, da aibi babba da ke ba mai saye damar mayar da gidan. Hukuncin ya rataya ne a kan sanin wace tsaga ce wacce, kuma a zamanin kankare da rodi ba wanda ya san haka sai injiniya.

Rahoto shi kaɗai ba ya ceton rai idan an jefa shi a durowa. A Surfside ta jihar Filorida, injiniya ya rubuta a 2018 cewa akwai babbar illa a kankaren benen Champlain Towers South. Aka yi ta jan ƙafa kan kuɗin gyara, ana ci gaba da sayar da ɗakuna, har ginin ya rufta a Yunin 2021 ya kashe mutum 98. A Nuwamban shekarar, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rushe da mutum sama da 40, bayan kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya janye hannunsa tun 2020. Tun kafin a gama shi ana tallar ɗakunansa da dala.

Saboda haka mai saye ne ya kamata ya ɗauki injiniyan, ya biya shi daga aljihunsa, ya kuma tabbatar yana da rajista da hukumar COREN. Injiniyan da dillali ya kawo, na dillali ne. Lauyan mai saye kuma ya rubuta a yarjejeniya cewa kafin alƙalami zai dawo cikakke idan rahoto ya nuna illa a tushe ko ginshiƙi, kuma ba za a biya cikon kuɗi ba sai rahoton ya iso hannu ɗauke da hatimi da sa hannu.