Kimiyya a Ƙofar Gida: Me ya sa injin niƙa ba shi da filogi?



Tambayar wannan makon ta zo mana daga Damba, nan gefen Gusau, daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare. An aike shi gidan mai da jarka biyu, ɗaya ya sayo fetur don babur ɗin yayansa, ɗaya kuma gas don injin niƙan mahaifinsa. Da ya dawo sai jarkokin suka rikice masa, saura ƙiris ya ɗura fetur a injin niƙa, ya sha tsawar da har yau bai manta ba. Shi ne yake tambaya: "Ai duk mai ne, kuma daga ɗanyen mai ɗaya aka tace su. Me zai faru in an musanya?"

Baba ya yi gaskiya, kuma tsawar ta fi kuɗin gyara arha. Kafin mu ci gaba, gas ɗin da muke nufi a nan shi ne man dizal, ba na tukunyar girki ba.

Mu fara da inda injunan biyu suka yi kama. Kowanne yana da silinda, wato wani rami na ƙarfe, a cikinsa fistin yana hawa yana sauka kamar taɓarya a turmi. Yawancinsu da motsi huɗu suke aiki. Fistin ya sauka ya shaƙo iska, ya hau ya matse ta, wuta ta kama ta angiza shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Motsi na uku ne kaɗai ke ba da ƙarfi, sauran ukun hidima suke yi masa. Inda suka raba hanya guda ɗaya ne, wato yadda wutar nan take kamawa.

Injin fetur yana shaƙar iska gauraye da fetur. A babura da ƙananan janareto kafireta ce ke yin gaurayen, a motocin zamani kuma injekta. Fistin ya matse haɗin, sai filogi ya ƙyasta tartsatsin lantarki, wuta ta tashi. Shi ya sa in babur ya ƙi tashi, abin da bakanike ke fara kwancewa filogi ne, ya goge shi, ya kanga shi a jikin inji, ya taka kiki ya ga ko yana ba da wuta.

Injin gas kuwa iska zalla yake shaƙa, ba ɗigon mai a ciki. Sai ya matse ta matsa mai tsanani. Injin fetur yakan matse haɗinsa ya koma kamar kashi ɗaya cikin 10 na girmansa, shi kuwa na gas yakan kai kashi ɗaya cikin 16, wani har cikin 20. Iskar da aka matse haka zafinta yakan haura digiri 500 a ma'aunin Selshiyos. A daidai lokacin ne nozul ke feso gas siriri kamar hazo, yana taɓa iskar ya kama da kansa. Ba filogi, ba tartsatsi.

In kuna shakkar cewa matsa iska na kawo zafi, ku ari famfon keke, ku toshe bakinsa da babban yatsa, ku danna da sauri kamar sau ashirin, sannan ku taɓa gindinsa. Ɗumin da za ku ji ƙanen wancan zafin ne. Ƙarfin hannunku ne ya shiga iskar ya zama zafi. Masu shirin WAEC da NECO, alaƙar matsi da girma da zafin iska da kuke haddacewa a darasin fiziks ke nan, sai dai a nan tana niƙa dawa.

Wanda ya taɓa tsayawa wurin tayar da babban injin niƙa ya ga wannan da idonsa, ko da bai lura ba. Mai tayarwa yakan ɗaga wani ɗan ƙarfe a kan injin da hannu ɗaya, yana juya hannun inji da ɗayan. Ɗan ƙarfen yana buɗe wa iska ƙofa ne don kada ta matsu, domin in ta matsu ba ƙaton da zai iya juya injin daga tsaye. Sai ƙatuwar tayar ƙarfen nan ta ɗauki gudu, ya saki. Nauyin tayar ya matse iskar, gas ya kama, ku ji tuf, tuf, tuf, baƙin hayaƙi ya tashi. Ƙaramin injin markaɗe da ake ja da igiya kuwa na fetur ne, ku duba za ku ga filoginsa. Wani zai ce ai motocin gas suna da abin da makanikai ke kira hita. Haka ne, amma ɗumama silinda kawai yake yi da sanyin safiya, irin na hunturu, ba ya ƙyasta wuta.

Daga wannan bambanci sauran suka fito. Injin da zai jure irin wannan matsi dole a yi shi da ƙarfe mai kauri, don haka ya fi nauyi, ya fi tsada, ya fi ƙara da jijjiga. Amma matsin ne ke sa ya fi tatsar aiki daga mai. Injin fetur na mota yakan mayar da kamar kashi 25 zuwa 35 cikin 100 na ƙarfin mai ya zama motsi, na gas yakan kai 40 ko fiye, kuma litar gas ta ɗan fi litar fetur ƙarfi tun asali. Ga shi da ƙarfin ja ko yana juyawa a hankali. Ku tsaya bakin titin da ya tashi daga Gusau ya bi ta Tsafe zuwa Funtuwa, ko wanda ya bi ta Bunguɗu zuwa Sakkwato: tirela, tifa, tanka, duk gas suke sha. Haka tarakta a gona da manyan janareto. Babur kuwa rashin nauyi da saurin tashi yake buƙata, sai fetur.

Jamusawa biyu ne sunansu ya fi fitowa a wannan tarihi. Nikolaus Otto ya kammala injinsa mai motsi huɗu a 1876. Rudolf Diesel kuma, wanda man ya ci sunansa, injinsa ya yi aiki yadda ake so a 1897 a birnin Augsburg. Abin da ya fi burge mu shi ne, a baje-kolin birnin Paris na 1900 an tayar da injin dizal da man gyaɗa. Ƙwarai, irin wanda iyayenmu ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli. Kada dai wani ya je ya gwada da injin gidansu, man gyaɗa ya fi gas kauri, yana toshe nozul.

To, amsar ɗan'uwanmu na Damba. Gas yana da maiƙo, kuma da maiƙon nan famfon mai da nozul ke samun santsi. Fetur ba shi da wannan maiƙo, wanke na jikinsu ma yake yi. In ya shiga injin gas, ƙarfe zai riƙa cin ƙarfe, konewar ma ba za ta zo a kan lokaci ba, famfo ya lalace, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a injin. In kuwa gas ya shiga babur, ba ya zama tururi da sauƙi, sai ya jiƙa filogi, babur ya yi hayaƙi ya mutu. Wannan ta fi sauƙin gyara. Ko wanne ya faru, kada a tayar da injin, a tsiyaye tanki tukuna.

Akwai abin da ya fi inji muhimmanci. Gas sai ya yi zafi sama da digiri 50 kafin ya fitar da tururin da wuta ke kamawa. Fetur kuwa ko cikin tsananin sanyi yana fitar da shi, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya iske murhu ko fitila. A watan Oktoba na 2024, a garin Majiya na Jihar Jigawa, tankar fetur ta kife, jama'a suka taru ɗiba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Don haka jarkar fetur ba ta kwana a ɗaki ko kusa da madafa, ba a ɗura wa janareto mai yana kunne, in kuma tanka ta faɗi, ku yi nesa da ita. Jarkokin gida kuwa a rubuta wa kowacce sunanta da fenti.

Aikin wannan makon: ku nemi izinin mai injin niƙa na unguwarku ku kalli yadda ake tayarwa, daga nesa da bel, kuma masu hijabi da manyan riguna su tattare su. Sannan ku rubuto mana dalilin da ya sa tayar ƙarfen take da nauyi haka. Amsar da ta fi gamsar da mu za ta fito a wannan shafi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.