Sunan "Mutum-mutumi" Bai Dace da Na'urar Tiyata Ba

A shekarar 2000 Amurka ta amince da na'urar da Vinci, wadda likita ke sarrafa hannayenta daga mazauninsa. Tana kawar da rawar hannunsa, tana ƙanƙanta motsinsa, a yi aiki ta ƙananan kafofi maimakon tsaga ciki. Sai dai kafafen yaɗa labarai na kiranta "mutum-mutumi". A gonakin Gaya da Ajingi kuwa, mutum-mutumi tsumma ne da kara, na korar tsuntsaye. Wane magidanci zai sa hannu a miƙa masa iyalinsa? Majinyaci ba ya amincewa da abin da bai fahimta ba. Wajibi ne masana Hausa su samar da suna irin "hannun aron likita", mai nuna cewa likitan ne ke aikin.